Zari-rugar Amurka ta jami'o'i, Nuwamban 2023. Alabama 27, Auburn 24: gwaninta ce ko da ƙyar muka sha?

Baban Amira: Assalamu alaikum jama'a. Jiya da daddare na ga kun cika zauren nan da sowa da hotunan Isaiah Bond da ya cafe mana ƙwallon nasara, ban ce uffan ba, don na san in na yi magana a lokacin cewa za a yi tsoho ya zo ɓata wa yara biki. To yanzu an kwana, an yi asuba, an sha shayi, sai mu yi maganar hankali.

Tun 2007 da koci Nick Saban ya zo nake bin Alabama, ba wanda zai ce ni ɗan adawa ne. Amma ni jiya ajiyar zuciya na yi, ban yi murna ba. Kowa yana ta yaɗa jifan nan na yadi 31, ba wanda ya tsaya ya tambayi yadda aka yi muka tsinci kanmu a yadi 31 ɗin. Yadi 7 fa ya rage mu shiga gidansu, da dama huɗu cur a hannunmu. Dama ta farko aka mai da mu baya kaɗan. Ta biyu ɗan tsakiya, mai miƙo ƙwallo a fara wasa, ya wurgo ta mai jifanmu Milroe bai shirya ba, ta wuce shi, muka yi asarar yadi 18. Ta uku Milroe da kansa ya tsallake layi sannan ya yi jifa, alƙali ya jefa ƙyalle, aka ƙara mana yadi 5 baya, damar kuma ta tafi. Ba Auburn ce ta kora mu can ba, da ƙafarmu muka je. Kuma wace Auburn? Wadda New Mexico State ta zo har gida ta lallasa 31 da 10 mako guda kafin nan. Ranar Asabar Jojiya za mu tara a Atlanta, a wasan ƙarshe na SEC, rukunin jami'o'inmu na kudu maso gabas. Ku gaya mini, da wannan wasan za mu tunkare su?

Ɗan Tuscaloosa: Wa alaikumus salam Yaya. Haba dai, ko kwana ɗaya ba za ka bari mu ji daɗi ba? Ni muryata ma ta dishe. Da ƙyar na sha ai ya fi da ƙyar aka kama ni. Mun ci 11, an ci mu 1, tun bayan Texas ba wanda ya sake taɓa mu, wasa goma ke nan a jere. Me kuma ake nema?

Baban Amira: Ƙanena, ka ji daɗinka, ba wanda ya hana ka. Tambayata dai tana nan ba ka amsa ba.

Kawu Na-Fagge: Jama'a ku yi haƙuri da ƙauyancina. Ni tun da aka sa ni a zauren nan nake ganin kuna wannan zari-rugar taku ta Amurka ban gane kanta ba. Na kalli bidiyon da aka turo har sau uku. Na ga mutum ya tsaya kamar mai jiran mota, ya wurga ƙwallo, wani ya cafe a lungu, sai filin ya yi tsit. Mene ne abin mamakin? Ba aikinsu ke nan ba?

Ɗan Tuscaloosa: Kawu bari in warware maka. Tsawon filin yadi 100 ne. In ƙwallo tana hannunku, ana ba ku dama huɗu ku ci yadi 10 gaba, ko da gudu ko da jifa. In kun ci, a sabunta muku wasu huɗun. In kun kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. In kuka kai ta can ƙarshen fili, shi ne tacdawun, maki 6, sai a ƙara bugun maki 1. In kun ga ba za ku kai ba, kuna iya buga ta da ƙafa tsakanin sanduna ku karɓi maki 3. To jiya Auburn na da 24 muna da 20, ka ga maki 3 ba zai yi mana amfanin komai ba. Dama ta huɗu ce, ta ƙarshe, saura daƙiƙa 43, kuma dole sai an kai ta har gida daga yadi 31. Su ma sun san abin da za mu yi, duk sun koma baya sun yi dafifi a bakin gida suna jira. Ka ɗauka minti na 95 ne, ana cin ku, aka ba ku bugun tazara daga kusan tsakiyar fili, 'yan wasansu duka suna cikin da'ira. Haka nan Milroe ya saka ta a kusurwar hagu, Bond ya tashi ya ɗauke.

Kawu Na-Fagge: Au, ka ce Madrid ce kawai! Abin da Rodrygo ya yi wa Man City ke nan a 2022, ƙwallo biyu a ƙarshen lokaci. To Alhaji Baban Amira, mu a gidan kallo ba ma tambayar yadda aka ci. Wanda ya ci ya hau mashin ya yi ta hon, wanda aka ci ya kashe waya.

Baban Amira: Kawu, a nan ne wasan namu ya bambanta da naku. Ku maki uku maki uku ne, ko da hannu aka zura. Mu kuwa a tsarin bana, 2023, babu teburin da zai kai ka gasar cin kofin ƙasa. Wani kwamiti ne na mutum 13 yake zama a ɗaki ya zaɓi ƙungiya huɗu kacal daga duk jami'o'in Amurka. Suna duba wa ka doke, wa ya doke ka, kuma yaya ka yi wasan. Kafin jiya a matsayi na 8 suka ajiye mu. Texas tana gabanmu a na 7, kuma ta zo har Tuscaloosa ta ci mu 34 da 24 a watan Satumba. Shekaranjiya Juma'a Texas ta yi wa Texas Tech 57 da 7, Oregon ta yi wa Oregon State 31 da 7. Mu kuma muka tsira da jifa ɗaya a hannun ƙungiyar da ta ƙare da ci 6 faɗuwa 6. In kai ne a kwamitin, me za ka gani?

Kawu Na-Fagge: Wato har da alƙalai kamar gasar musabaƙa. To Allah ya kyauta.

Injiniya Na-Auburn: Salamu alaikum. Na so in yi kwana uku ban leƙo nan ba, amma na ga ana ta ambaton sunanmu kamar ba mu da rai.

Baban Amira, ka daina kafa hujja da New Mexico State. Eh, abin kunya ne, mu muka biya su kuɗi kusan dala miliyan biyu su zo su sha kashi, suka karɓi kuɗin suka zane mu. Amma duk wanda ya zauna a jihar nan ya san wannan wasan daban yake. Shekara biyar na yi karatu a Auburn. Yaran nan tun ranar da suka sa ƙafa a makaranta ake nuna musu wannan rana a kalanda. Wasan da aka fara tun 1893, aka yi rigima aka daina buga shi shekara arba'in, sai 1948 aka dawo. Wasan da saboda shi wani mai goyon bayanku ya je ya zuba wa bishiyoyinmu na Toomer's Corner guba bayan mai jifanmu Cam Newton ya farke 24 da nema ya ci ku 28 da 27 a 2010. Ba a auna irin wannan da sakamakon makon jiya.

Ni abin da ya hana ni barci daban ne. Mutum biyu kacal muka tura su kori Milroe. Biyu! Na uku ya tsaya yana gadinsa kada ya ruga da ƙwallo, mutumin da ke buƙatar yadi 31. Takwas suka koma baya suna tsaron mutum biyar, amma a ƙarshe Bond da mutum ɗaya ya rage a wannan kusurwa. Takwas a kan biyar fa. Ni injiniya ne, har yanzu lissafin ya ƙi fita.

Ɗan Tuscaloosa: Sannu Injiniya, Allah ya ba da haƙuri. An tanadi takardar banɗaki za a je a lulluɓe bishiyoyi kamar yadda kuka saba in kun ci, sai a mayar da ita inda aka saba amfani da ita.

Anti Hajiya (mai kula da zaure): Kai yaro, a yi wasa amma a san girman na gaba.

Ɗan Tuscaloosa: Tuba nake Anti. Injiniya a yafe.

Injiniya Na-Auburn: Ba komai, ranarsu ce. Amma ka tambayi yayanka inda yake a 2013 lokacin da Chris Davis ya ɗauki bugun da kuka ɓarar ya ruga da shi tun daga ƙarshen fili har ɗaya ƙarshen, agogo yana kan sifiri. Kai lokacin kana sakandare a gida.

Baban Amira: Ina falo a tsaye, da farantin shinkafa a hannuna. Ban ƙarasa cin ta ba. Kada ka tuna mini.

Amma Injiniya ka taimake ni ba ka sani ba. Ka ce kuskurenku ne ya ba mu. Haka nake faɗa. Ka ƙara da na farkon ma: saura minti biyar ba kaɗan mun kasa, mun buga muku ƙwallo mun sallama. Da yaronku ya cafe ta lafiya, ko ma ya matsa ya bar ta ta faɗi, da gudu kawai za ku yi ta yi kuna cin lokaci. Sai santsi ya kwashe shi, ta taɓa shi ta faɗi, muka dira a kai a yadi 30 ɗinku. Kyauta biyu kuka ba mu a minti biyar. Jojiya ba ta rabon irin wannan sadaka.

Ɗan Damagaram: Salama alaikum 'yan uwa. Ni a rediyo na saurara, ina kan hanya da babbar mota na fito daga Greensboro. Da aka zo wurin nan sai da na samu wurin hutawa na faka, don wallahi ƙafata rawa take. Ni ba na Alabama ba ne, ba na Auburn ba, don haka ku bari in faɗi abin da na ji.

Baban Amira kana da gaskiya a rabi. Amma kana magana kamar jifan nan faɗowa ya yi daga sama. Da na isa masauki na kalla. Ko mutum biyu suka kore ka ko ba kowa, sai ka iya ajiye ƙwallo a wurin da naka kaɗai zai kai hannu, daga nisan da ya fi yadi 31 tunda baya ya ja, mutum dubu tamanin da wani abu suna ihu a kanka. Shi kuma mai cafewa ya san inda layi yake ya sa ƙafa a ciki. Bond da kansa ya ce suna da sunan da suke kiran wannan tsari, mai haƙa kabari, kuma suna gwada shi a atisaye. Abin da aka yi atisayensa ba a ce masa sa'a zalla. Auburn ta buɗe ƙofa, gaskiya ne, amma ƙungiya nawa za a buɗe wa irin wannan ƙofa su kasa shiga?

Ɗan Tuscaloosa: Allah ya biya ka Malam! Kuma a duba wanda ya yi jifan. Wannan Milroe ɗin ne fa aka ajiye a benci bayan Texas ta cafe masa ƙwallo biyu. Aka je South Florida da Buchner da Simpson, muka yi ta dambarwa da ƙyar muka ci 17 da 3, har mutane suka fara cewa zamanin Saban ya ƙare. Aka dawo da shi a wasan Ole Miss. Tennessee ta tafi hutun rabin lokaci tana gabanmu 20 da 7, muka dawo muka ci 34 da 20. A wasan LSU ya shiga gidansu sau huɗu da ƙafarsa. Jiya ya yi jifan yadi 259, ya yi gudun sama da yadi 100, ba a cafe masa ko ɗaya ba. Ka tuna wanda ya jefa wa Jermaine Burton na yadi 68 dab da hutu? Yaya, yaron nan na Satumba da na yau ba ɗaya ba ne. Ƙungiyar nan ta koyi yadda ake fita daga rami.

Baban Amira: Ta kuma ƙware wajen haƙa shi. Arkansas muna gaba 24 da 6 muka bari aka tashi 24 da 21. Texas A&M 26 da 20. Ban ƙi maganarka a kan Milroe ba, ya girma, kuma in ba don ƙafarsa ba jiya da tuni an gama da mu; shi ya ruga yadi 19 a dama ta uku lokacin da ake neman 20, har Roydell Williams ya samu ya cike ɗayan. Na ba shi wannan.

Matsalata biyu ce, kuma ba ɗaya daga ciki da jifan Bond ya gyara. Ta farko miƙo ƙwallo daga ɗan tsakiya. Wannan shi ne abu na farko da ake koya wa yaro a makarantar sakandare. Tun Satumba muke ganin ta tafi ƙasa, ta tafi gefe, ta zo ba a shirya ba. Wasa na goma sha biyu ke nan. Ciwon da ya kai wata uku ba a ce masa tsautsayi.

Ta biyu ta fi ta farko muni. Mai jifan Auburn Payton Thorne jifa biyar kacal ya haɗa a duk wasan. Biyar. Ma'ana kowa a filin, har mai sayar da ruwa, ya san Auburn gudu za ta yi da ƙwallo. Duk da haka suka yi mana gudun yadi 244. Jarquez Hunter ya wuce, Damari Alston ya wuce, shi kansa Thorne ya wuce. Mutum ya gaya maka ta ƙofar da zai shigo, ka tsaya a bakinta, ya kuma shigo ta nan. A 'yan baya muna da Dallas Turner, muna da Caleb Downs, muna da Arnold da McKinstry, sunaye kamar ruwa. Ina amfaninsu in tsakiya a buɗe take?

Maman Khalil: Salamu alaikum. Ina ta karantawa ina dariya ni kaɗai a kicin. Ku ci gaba, ni dai shinkafar baƙi nake tanada, tunda garinmu za ku zo. Baban Amira Allah ya ƙara maka lafiya, kai kaɗai ne mai faɗin gaskiya a gidanku. Mu Jojiya wasa 29 muka ci a jere, kofin ƙasa biyu a jere. Kendall Milton ya yi gudun sama da yadi 150 jiya shi kaɗai, ga Daijun Edwards a gefe. In Auburn da ba ta da mai jifa ta yi muku 244, yaya za ku yi da mu da muke da mai jifa irin Carson Beck? In kun taru a gaba don tare gudu, ya jefa ta bayanku. In kun ja baya, Milton ya bi ta kanku. Ku zaɓa.

Ɗan Tuscaloosa: Anti Maman Khalil, da girmamawa, jiya nawa kuka tashi da Georgia Tech?

Maman Khalil: Mun ci.

Ɗan Tuscaloosa: 31 da 23. Tazarar maki takwas, kuma su ma sun yi muku gudun sama da yadi 200. Sannan ki tuna mana ranar 30 ga Satumba da kuka je wannan filin na Auburn, Jordan-Hare. 27 da 20, sai da Brock Bowers ya cece ku saura minti uku. Ashe ba mu kaɗai Auburn ta shaƙe a gidanta ba. Laifi tudu ne.

Injiniya Na-Auburn: Wannan kam gaskiya ne. Ku duka biyun mun riƙe ku har ƙarshe, ku duka biyun mun sake ku. Shekarar kocinmu Hugh Freeze ta farko ke nan, da 'yan wasan da ya tsinto nan da can. Ku ba mu shekara biyu.

Maman Khalil: Ɗana, jiya Bowers bai buga ba, McConkey bai buga ba, hutar da su aka yi saboda ku. Mu da rabin kayan aikinmu muka je muka ci ba tare da jiran wani ya zame ya faɗi ba. Amma ban ƙi ba, tsaronmu na bana bai kai na 2021 ba, waɗancan duk sun tafi NFL, gasar ƙwararru. Mai jifan da ke iya gudu yana wahalar da mu, kuma Milroe irinsa ne. In akwai abin da ke sa ni tunani, shi ne. Sauran kuwa ko a jikina.

Ɗan Damagaram: Hajiya akwai na biyu da ba ki faɗa ba: tsohon, wato Saban. Kocinku Kirby Smart shekara da shekaru yana ƙarƙashin Saban yana kula masa da 'yan baya. Sau biyar suka haɗu tun da ya koma Jojiya, sau ɗaya ya ci. Kuma wa ya yi muku cin ƙarshe kafin ku fara wannan jerin 29? Alabama ce, a Atlanta, Disambar 2021, 41 da 24.

Maman Khalil: Bayan wata ɗaya kuma muka rama 33 da 18 muka ɗauke kofi. Ka ƙarasa labarin mana Malam.

Ɗan Tuscaloosa: Tsaya, ai Malam ya taɓo inda nake so. Yaya Baban Amira, ka tuna abin da ya faru mako guda kafin wancan 41 da 24? A wannan filin na Auburn muka je, har zango na huɗu ba mu da ko maki ɗaya, mai jifanmu Bryce Young ya sha kayi har ya gaji. Da ƙyar muka farke saura daƙiƙu, aka yi ƙarin lokaci har sau huɗu muka tsira 24 da 22. Na tabbata a ranar ma cewa ka yi Jojiya za ta yi mana fata-fata. Me ya faru?

Baban Amira: Na faɗa, kuma na ji kunya, kunyar da na ji daɗinta. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da aka kawo yau, na karɓa. Filin nan yana da wani abu. Saban da ke da kofin ƙasa shida a Alabama ya faɗi a can a 2007, da 2013, da 2017, da 2019. Na yarda ba a auna mu da abin da ya faru a Jordan-Hare kaɗai.

Amma ka lura da bambanci. A 2021 matsala ɗaya ce, masu kare mai jifa, aka zauna mako guda aka yi mata kwaskwarima, kuma muna da Bryce Young wanda ya ɗauki kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i a shekarar, ga Jameson Williams da ba a kamo shi a guje. Bana kuwa abin da na lissafa ba a Auburn ya fara ba. A Tuscaloosa ma mun gan shi. Shi ya sa ban yarda a ɗora wa fili laifi duka ba.

Abu ɗaya zan ƙara don kada a ce ban yi adalci ba. A zango na huɗu da Auburn ta yi doguwar tafiyar nan ta cinye lokaci ta iso bakin gidanmu, 'yan bayanmu sun dage sun tsare, dole ta haƙura da maki 3. Da ta shiga, 28 da 20 ke nan, labarin ya canza. Ba wanda ya tura bidiyon wannan a zaure, alhali ba don shi ba da jifan Bond bai isa ya ba mu nasara kai tsaye ba.

Injiniya Na-Auburn: Wannan wurin ya fi yi mini ciwo a kan na ƙarshen, in ka bincika. Da muka ɗauki ukun nan na ce wa matata za mu yi da-na-sani.

Kawu Na-Fagge: To ni tambayata, in Alabama ta doke su Maman Khalil, shi ke nan ta shiga cikin huɗun?

Ɗan Damagaram: Kawu a nan gizo ke saƙa. Michigan ta ci Ohio State 30 da 24 jiya, ba a ci ta ba ko sau ɗaya, Iowa ce ta rage mata. Washington ma ba a ci ta ba, kodayake ita ma da bugun ƙarshe ta tsira a hannun Washington State, 24 da 21. Za ta sake haɗuwa da Oregon ranar Juma'a, kuma duk wanda ya ci a cikinsu kusan ya shiga. Florida State ba a ci ta ba, sai dai mai jifanta Jordan Travis ya karye a ƙafa, da na biyu suka ci Florida 24 da 15. Ga Texas da ta riga ta doke Alabama. In duk waɗannan suka ci wasanninsu, Alabama kuma ta ci Jojiya, kujera huɗu mutum biyar ko shida. Dole a zalunci wani. Baɗi, 2024, ne za a faɗaɗa abin zuwa 12, bana kam sai dai a yi kuka.

Ɗan Tuscaloosa: Ba a taɓa yin gasar nan babu ƙungiyar SEC a ciki ba tun da aka fara a 2014. Wanda ya doke Jojiya, ta ɗaya a ƙasa, ya yanke jerin 29, wa zai iya barin sa a waje?

Baban Amira: Wanda ya kalli wasan Texas, ya kuma kalli na jiya. Shi ya sa tun farko na ce yadda aka ci yana da nauyi. Amma wannan rigimar ranar Lahadi ce mai zuwa. In Jojiya ta ci mu, faɗuwa biyu ke nan, kuma har zuwa bana, 2023, ba a taɓa ɗaukar mai faɗuwa biyu ba, ba sai kwamiti ya wahalar da kansa ba.

Maman Khalil: Za mu hutar da kwamiti in sha Allahu. Ɗan Tuscaloosa, mu ƙulla: in kun ci, ni zan yi masa da miyar taushe in aiko maka har makaranta. In mun ci, kilishin da aka kawo maka daga gida, da ka ɓoye kana cewa ya ƙare, nawa ne.

Anti Hajiya (mai kula da zaure): A'a, ban da caca a zauren nan. Kowa ya yi kyautarsa don Allah, ko an ci ko ba a ci ba.

Maman Khalil: To Anti, na mayar da ita walima. Duk wanda zai iya zuwa Atlanta ranar Asabar ya zo gidanmu a kalla tare, tikitin filin Mercedes-Benz ba na talaka ba ne. Masa tana nan ko wa ya ci. Kilishi dai a taho da shi.

Injiniya Na-Auburn: Zan zo, kuma jar riga zan sa. Ban taɓa zaton zan goyi bayan Jojiya ba a rayuwata, amma ga shi.

Ɗan Tuscaloosa: Yaya Baban Amira, kai fa? Ka faɗi hasashenka a rubuce kowa ya gani, kada ranar Asabar ka ce dama ka san za mu ci.

Baban Amira: Ba zan ba ka maki ba. Ga abin da zan ce: in aka tashi Jojiya ba ta kai gudun yadi 150 ba, kuma ƙwallo ba ta wuce Milroe ta tsakanin ƙafafu ko sau ɗaya ba, muna iya ci, kuma zan zo nan da kaina in ce ka fi ni gani. In ɗaya daga ciki ya faru, kada ka neme ni a waya. Zan biyo ta Tuscaloosa in ɗauke ka da ƙarfe tara na safe, ka shirya, ba na jira.

Kawu Na-Fagge: Ƙarfe nawa ne a agogon Najeriya? Kun sa ni a ciki yanzu.

Ɗan Damagaram: Huɗu na yamma a Atlanta, goma na dare ke nan a Kano da Damagaram. Amma ka sani Kawu, minti 60 ne a rubuce, awa uku da rabi ne a zaune.

Kawu Na-Fagge: Awa uku da rabi? To sai in sayi man janareta tun ranar Juma'a. Wanne ne ma ɗan tsakiyar da za a sa wa ido?

Baban Amira: Wanda ya duƙa a kan ƙwallo kafin kowa ya motsa. Shi za ka kalla, ni ma shi zan kalla.